Sharhi: Ciwon Wuyan Hannu A Garuruwan Yuraniyom Da Iyakar Taimakon Manhaja

Duk lokacin da aka tayar da zancen lafiyar ma'aikata a Arlit da Akokan, abin da ke fara zuwa a ran mutane shi ne tururin yuraniyom, da ƙurar da iska ke kwasowa daga tarin dusar ma'adinai, da kuma ingancin ruwan da ake sha. Hakan ba abin mamaki ba ne. Tun 1971 kamfanin SOMAÏR yake haƙar yuraniyom a Arlit, shi kuwa COMINAK ya yi aiki a ƙarƙashin ƙasa a Akokan daga 1978 har zuwa ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe shi, ya bar dusar da nauyinta ya kai kimanin tan miliyan 20. Ƙungiyar Aghirin'man ta 'yan garin da cibiyar bincike ta CRIIRAD da ke Faransa sun shafe fiye da shekara 20 suna jan hankalin duniya a kan wannan lamari, kuma har yau magana ba ta ƙare ba.

Sai dai akwai wani ciwon aiki da ba a cika ambatonsa ba, alhali duk inda ake yin irin aikin da ke jawo shi, ana samunsa. Shi ne ciwon yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu da kafaɗa, wanda ke kama mutumin da ke maimaita motsi iri ɗaya daga safe har dare, wata da watanni. Ba ya kisa, ba ya zubar da jini, shi ya sa ake raina shi. Amma yana iya raba matashi da sana'arsa tun yana ɗan shekara 30, a garin da samun wata sana'ar ba abu ne mai sauƙi ba.

Rufe COMINAK ya raba ma'aikata kimanin 600 da aikinsu, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila da ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Yaron da ya tashi a Akokan da tunanin zai gaji mahaifinsa a rami, yau dole ya nemi wata hanyar. Daga cikin hanyoyin da suka rage akwai na zama gaban kwamfuta: shagunan buga takardu da ɗaukar kwafi, ofisoshin aikawa da karɓar kuɗi, gyaran hotuna da bidiyon biki da suna, shigar da bayanai a ofisoshin ƙungiyoyin agaji masu kula da baƙin hauren da ke bi ta Assamaka da Arlit da Agadas, sai kuma zanen taswira da lissafin kaya a ofisoshin kamfanonin ma'adinai. Duk waɗannan ayyuka abu ɗaya suka dogara a kai, wato hannu guda da ke riƙe da linzamin kwamfuta, wanda wasu ke kira ɓera, a Nijar kuma aka fi cewa suri, da ɗan yatsan da ke danna shi ba ƙaƙƙautawa.

Yadda ciwon yake samuwa ba boyayyen abu ba ne a wurin likitoci. A wuyan hannu akwai wata 'yar ƙaramar kafa tsakanin ƙasusuwa, wadda jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu suke bi ta cikinta, tare da wata jijiya guda da ke kai ji zuwa babban yatsa da manuniya da ɗan tsakiya da rabin na kusa da shi. Idan wurin ya kumbura ko ya matse, sai a danne wannan jijiya. Daga nan mutum zai fara jin yatsunsa suna mutuwa, ko yana jin kamar ana tsira masa allura, musamman cikin dare, har ya farka yana yarfe hannu. Idan abin ya yi nisa sai ƙarfin riƙo ya ragu, kofin shayi ya riƙa suɓucewa, saka maɓallin riga ya zama aiki, tsokar gindin babban yatsa ta fara motsewa. Ban da wannan akwai kumburin jijiyoyin gefen babban yatsa, da ciwon gwiwar hannu, da riƙewar wuya da kafaɗa, waɗanda su ne ma suka fi yawa a tsakanin masu aikin ofis.

Ba da kwamfuta matsalar ta fara ba. Tun farkon ƙarni na 18 likitan nan na Italiya, Bernardino Ramazzini, wanda ya wallafa littafinsa a kan cututtukan masu sana'a a 1700, ya bayyana yadda hannun magatakarda ke gajiya har ya kasa saboda yawan rubutu. A 2010 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sabunta jerin cututtukan da take ɗauka a matsayin na aiki, ta kuma ambaci matsewar jijiyar wuyan hannu da kumburin jijiyoyin hannu da ciwon gwiwar hannu da sunayensu. A Faransa, inda hedikwatar Orano take, cututtukan tsoka da gaɓoɓi su ne fiye da kashi 80 cikin 100 na cututtukan aiki da hukumar inshorar lafiya ke amincewa da su kowace shekara. Ma'aikacin can yana da takardar da zai cike da kuma diyyar da zai nema. Hannun ɗan Arlit da na ɗan Faransa kuwa halitta ɗaya ce.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa mai aikin kwamfuta ba shi ne ya fi kowa shiga haɗari ba. Binciken likitoci ya nuna cewa matsewar jijiyar wuyan hannu ta fi alaƙa da aikin da ya haɗa maimaici da ƙarfi, ko riƙe na'ura mai girgiza. Ke nan mai fasa dutse da inji a wuraren haƙar zinariya na Cibarakaten da Jado, inda matasa suka yi ta tururuwa tun 2014, da makanikin manyan motoci, da mai walda, da tela, da matar da ke daka kullum, duk suna cikin wannan sahu, wasunsu ma sun fi ma'aikacin ofis. Haka kuma ciwon suga da juna biyu da ƙiba da matsalar maƙoƙo suna ƙara yiwuwar kamuwa. Abin da ya bambanta mai aikin kwamfuta shi ne, nasa rigakafin ya fi na kowa araha, wani ɓangarensa ma kyauta ne, yana cikin na'urar da ke gabansa bai sani ba.

Ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ita ce manhajar da ke danna linzami da kanta. Tun asali an ƙirƙiro ta ne domin masu buƙata ta musamman, waɗanda ke iya motsa kibiyar da ke kan allo amma ba sa iya dannawa. Aikinta mai sauƙi ne. Mutum zai kai kibiyar inda yake so, ya tsayar da ita, idan ta yi ɗan lokacin da ya ƙayyade ba ta motsa ba, kamar daƙiƙa ɗaya, sai manhajar ta danna masa. Akwai ɗan akwati a gefen allo inda zai zaɓi irin dannawar da yake so ta gaba: sau biyu, ko ta dama, ko ta jan abu daga wani wuri zuwa wani. Da haka ɗan yatsan da ke yin aikin duk yini zai huta, riƙon da ake yi wa linzamin ma ya sassauta, tunda ba sai an matse shi ba kafin a danna.

Ba sai an kashe ko dala ba kafin a gwada. Kwamfutocin Apple da na Chromebook da masu amfani da Linux suna zuwa da wannan tsari a cikinsu, a sashen saituna na masu buƙata ta musamman, wanda na'urorin da ke kan Faransanci ke kira Accessibilité. Wayoyin Android ma suna da shi idan aka haɗa su da linzami. A Windows, wanda shi ne ya fi yawa a shaguna da ofisoshi, akwai saitin da ke bari a ja abu ba tare da an ci gaba da danne maɓalli ba, da wanda ke bari a motsa kibiya da maɓallan lambobi, sannan akwai ƙananan manhajoji da ake ƙarawa domin samun dannawar kai tsaye. Akwai kuma Workrave, manhaja ta kyauta da ke aiki a Windows da Linux, wadda ita ba ta dannawa, aikinta shi ne ƙirga lokacin da aka ɗauka ana aiki, ta riƙa tunatar da mutum ya ɗan saki hannu ya huta.

To amma bai kamata a yaudari kowa ba. Wannan manhaja tana rage dannawa ne kawai. Ba ta rage yawon da hannu ke yi da linzamin, ba ta gyara teburin da ya yi tsawo, ko kujerar roba da ta lotsa, ko wuyan hannun da ke lanƙwashe a bakin tebur na tsawon awa goma. Ba ta warkar da jijiyar da ta riga ta danne. Tana kuma buƙatar sabo, domin a kwanakin farko za ta riƙa danna abin da ba a yi niyya ba duk lokacin da aka manta kibiya a kan wani maɓalli. Ga mai buga wasiƙa wannan ƙaramin kuskure ne da za a goge. Ga mai aika kuɗin mutane kuwa, kibiyar da ta tsaya a kan maɓallin tabbatarwa tana iya tura kuɗi inda ba a nufa ba, kuma daga albashinsa za a cire. Don haka mai irin wannan aiki ya tsawaita lokacin jiran, ya saba ajiye kibiyar a wurin da babu komai, ya kuma kashe manhajar idan ya zo matakin ƙarshe na ciniki.

Akwai wani tarkon da ya kamata matasa su sani. Idan aka nemi manhajar dannawa a intanet, yawancin abin da zai fito wani abu ne daban: manhajojin da ke yin ɗaruruwan dannawa cikin ɗan lokaci domin maguɗi a wasannin bidiyo, ko domin yaudarar masu talla, ko a shafukan da ke alƙawarin biyan kuɗi ga wanda ya yi ta dannawa. Waɗannan ba su da wata alaƙa da lafiyar hannu, kuma sau da yawa ta irin wannan ƙofa ce ake cusa wa kwamfuta manhajar satar bayanai. Kwamfutar shagon buga takardu cike take da kwafin katin shaida da takardun haihuwa da na makaranta na mutanen gari. Sakaci ɗaya ya isa ya jefa su hannun 'yan damfara. Abin da ya fi aminci shi ne a fara da abin da ya zo cikin na'urar, idan za a ƙara wani kuma a ɗauko shi daga shafin masu shi na asali.

Mafi yawan rigakafin ma ba ya buƙatar manhaja. Teburi ya kasance daidai gwiwar hannu idan an zauna, yadda wuyan hannu zai miƙe ba tare da ya karkata sama ko gefe ba. Linzami ya zauna kusa da allon rubutu, kada sai an miƙa hannu kafin a kai gare shi. A riƙe shi sako-sako. A koyi gajerun hanyoyin maɓallai na kwafa da liƙawa da adanawa, domin kowanne yana rage dannawa biyu ko uku. Wanda zai iya, ya riƙa sauya hannu. Sannan a riƙa ɗan tsayawa a kai a kai, a saki hannu, a miƙe a taka, ko da na minti ɗaya ko biyu ne, ban da hutun salla da na cin abinci. Kuma a tuna cewa wanda ya tashi daga kwamfuta ya koma latsa waya har tsakar dare, babban yatsansa bai huta ba.

Babban kuskuren da ake yi shi ne na magani. Da zarar hannu ya fara ciwo sai a ce sanyi ne, a shafa man zafi, a sayi ƙwayoyin kashe raɗaɗi a wurin mai talla, a koma bakin aiki. Ƙwayar tana rufe bakin ciwon ne kawai, hannun kuma ya ci gaba da lalacewa. Yawan shan irin su diklofenak ba bisa ƙa'ida ba yana illata ciki da ƙoda, tramol kuwa kowa ya ga yadda ya mayar da matasa bayinsa. Duk wanda mutuwar yatsu ke tashinsa daga barci, ko abu ke faɗuwa daga hannunsa, ko ciwon ya wuce makonni bai lafa ba duk da hutu, to ya je asibiti, a duba har da sugansa. Idan aka tari abin da wuri, sau da yawa hutu da gyaran wurin aiki da ɗaurin da ke miƙar da wuyan hannu cikin dare sun wadatar. Idan aka yi jinkiri sai an kai ga tiyata, kuma daga Arlit neman ƙwararren likita na nufin tafiyar kilomita kusan 240 zuwa Agadas a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki, wani lokacin ma har Yamai.

Nan ne maganar ta tashi daga kan matashi ta koma kan masu iko. Dokar ƙwadago ta Nijar mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiya da rayuwar ma'aikatansa. Asusun CNSS shi ke da alhakin biyan diyyar haɗarin aiki da cututtukan aiki ga waɗanda aka yi wa rajista. A 2009 Nijar ta amince da yarjejeniyoyi masu lamba 155 da 187 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan tsaro da lafiya a wurin aiki, waɗanda a watan Yunin 2022 aka shigar da su cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikata na asali. A takarda dai ba a bar komai ba. Amma yarinyar da ke buga takardu a shago ba tare da kwangila ba, ana biyanta gwargwadon shafukan da ta buga, ba ta san da wannan doka ba, dokar ma ba ta san da ita ba. Ranar da hannunta ya gaza, wata za a ɗauka.

Al'amura sun sauya a fagen yuraniyom. A watan Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga hannun Orano, a watan Yunin 2025 kuma ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Duk yadda shari'ar da ke tsakanin ɓangarorin biyu za ta kaya, abu ɗaya ya tabbata: gwamnati yanzu ita ce mai sa ido, ita ce kuma mai ba da aiki a babban kamfanin Arlit. Shekara da shekaru ana kukan cewa ba a ƙirga marasa lafiya yadda ya kamata, ba a kuma danganta ciwonsu da aikinsu. Wannan kuka ne ya kai ga kafa cibiyar sa ido kan lafiya ta jihar Agadas a 2011 domin bin diddigin tsofaffin ma'aikata. Darasin da ke ciki ya shafi babban ciwo da ƙarami: cutar da ba a rubuta ba, ba a biyan diyyarta. Ikon mallakar ma'adinai zai fi ma'ana ga talaka idan ya ga an fi kula da jikinsa fiye da da.

Saboda haka akwai matakan da ba sa buƙatar jiran kasafin kuɗi mai nauyi. Ma'aikatar ƙwadago da CNSS su tabbatar jerin cututtukan aiki na ƙasa ya yi daidai da na 2010, su kuma bayyana wa jama'a hanyar neman diyya a gidajen rediyon Arlit da Agadas da Cirozerin da Ingal, da Hausa da Tamajak, tunda kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya riga ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Likitocin kamfanoni su riƙa duba hannu da wuya da baya a gwajin shekara-shekara, su haɗa da 'yan kwangila, su kuma rubuta abin da suka gani. SOMAÏR da SONICHAR, da sababbin wurare irin su Dasa da ake kan ginawa, su tsara ofisoshinsu da kayan aikinsu tun yanzu, domin gyaran kujera ya fi biyan tiyata sauƙi. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN su sa wannan batu cikin buƙatunsu. Makarantar koyon aikin ma'adinai ta EMAÏR da Jami'ar Agadas da cibiyoyin koyar da kwamfuta su ware ko da awa ɗaya ce su koya wa ɗalibi yadda zai zauna da yadda zai kunna waɗannan saituna.

Masu shaguna da ƙananan ofisoshi su ma da nasu. Yanke ƙafar tebur ko ƙara wa kujera matashi aikin yini ɗaya ne a wurin kafinta. Barin ma'aikaci ya huta minti biyar a kowace awa ba asara ba ce idan aka kwatanta da rasa wanda ya ƙware, a koma koya wa sabo daga farko. Sai dai a kiyaye abu ɗaya: kada manhajar dannawa ta zama hujjar ƙara wa yaro aiki, a ce ai yanzu na'ura ce ke danna masa. Wanda ya yi haka ya mayar da magani guba.

'Yan uwa da ke zaune a waje, daga Tamanrasset da Sabha zuwa Legas da Accra da biranen Turai, su ma abin ya shafe su ta fuska biyu. Da yawansu suna aikin maimaici a gine-gine da ɗakunan ajiyar kaya da gidajen abinci da masana'antu. Wanda ke aiki da takardu a ƙasar da ke amincewa da irin wannan ciwo, ya kai kukansa ga likitan wurin aiki tun da wuri, ya kuma adana takardunsa, kada kunya ko tsoron kora su sa ya yi shiru har hannun ya mutu. Sannan wanda zai aiko wa ƙaninsa kwamfuta domin ya kama sana'a, ya haɗo masa da allon rubutu da linzami na daban masu kyau, ya kuma gaya masa abin da ya gani a can game da hutu da zama daidai. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na wayar da ake aikowa da salla ba.

Ranar ƙarshe ta watan Fabrairu ita ce aka keɓe a ƙasashe da dama domin wayar da kai a kan wannan ciwo, ranar 28 ga Afrilu kuma ita ce ranar tsaro da lafiya a wurin aiki ta duniya. Hukumomin jihar Agadas da na birnin Arlit suna iya amfani da su wajen tara masu shaguna da ma'aikatan ofis da likitoci a zauna a tattauna. Kafin nan, matashin da ya fara jin yatsunsa na mutuwa cikin dare kada ya jira taro. Ya gyara zamansa, ya gwada manhajar da ke cikin na'urarsa, ya rage wa hannun nauyi, idan bai ga sauƙi ba ya nufi asibiti. Lafiya uwar jiki ce, kuma a garin da rami ya rufe, hannun nan shi ne jarin da ya rage masa.